Amsa: mi ake nufi da "a" da "ca" bisa takardar fili, kuma nawa ne sitar na itace?

Wa alaikumus salam ɗana. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, ban samu zama ba sai yau da na dawo daga aikin awo a ƙauye. Ka ce kun buɗe akwatin marigayi mahaifinku, Allah ya jiƙanshi da rahama, kun tarar da takardar wani fili nan Tawa an rubuta "00 ha 06 a 25 ca", kawunku ya ce ai shidan nan na nufin filin ya wuce rabin eka, kai kuma da ka je ka tsaya cikinshi idonka bai yarda ba. Sai ka haɗa da ta biyu, wai mai kawo ma mahaifiyarku itace a Yamai yana ta maganar "sitar" kai ba ka san ko mi ne ne ba.

To ta farko dai idonka bai yi maka ƙarya ba. Filin nan metir kare 625 ne, kaman ka ce 25 bisa 25, fegin gida ne mai kyau amma ko kusa bai kai rabin ektar ba, sai ka jera irinshi 16 kafin ka cika ektar guda. Kawu ya ɗauki 06 ɗin kaman 0,6 ne, kuma ba shi kaɗai ba, na ga masu digiri sun yi wanga kuskure gabana, don haka in za ka gyara mishi ka bi a hankali, ka nuna mishi bisa ƙasa kada ka tsaya gardama da baki.

Ga yadda ake karanta irin rubutun nan, kuma in ka riƙe wannan kaɗai ma ya ishe ka. Ka sa yatsa ka rufe haruffan, ha da a da ca, ka manne lambobin da juna. 00 06 25 ya koma 625, shi ke nan metir kare ɗinka. In ka ga 02 ha 30 a 05 ca, manne su, 23005, metir kare dubu ashirin da uku da biyar. Abin lura guda shi ne gidan "a" da gidan "ca" kowanne lamba biyu yake ɗauka dole, shi ya sa ake rubuta 05 ba 5 ba, in wani ya rubuta maka 2 ha 3 a 5 ca da hannu to kai ka cika sifilin da kanka, 2 03 05, wato 20305. Na sha ganin rigimar da sifili guda ya tayar, tsakanin 04 a da 40 a akwai ninki goma, ɗaya fegin gida ne ɗaya kuma gona ce.

"ca" ɗin santiyar ake ce mishi, kuma ba komi ba ne illa metir kare guda, taki babba guda nan taki guda can. "a" shi ne ar, fili mai metir 10 tsawo metir 10 faɗi, metir kare 100. "ha" kuwa ektar ne da kowa ya sani, 100 bisa 100, metir kare 10 000. Santiyar ɗari ar guda, ar ɗari ektar guda, ektar ɗari kuma kilometir kare guda. Ƙasarmu Nijar da ake cewa tana da kilometir kare 1 267 000, in ka maida ita ektar sai ka ƙara sifili biyu.

Yanzu dalilin da ya sa mutane ke ruɗewa, kuma nan ne nake so ka tsaya da kyau. A lakwal an koya mana metir, dekametir, ektometir, kowane mataki ninki goma, sai kai ya saba da goma goma. Amma fili yana da gefe biyu. In ka ninka tsawo sau goma ka ninka faɗi sau goma ai ba goma ka samu ba, ɗari ne. Ar ɗin nan ba komi ba ne sai dekametir kare da aka ba suna gajere, ektar kuma ektometir kare. Shi ya sa awon fili ke tsallake ɗari ɗari, awon abin da ke da ciki kuma, mai tsawo da faɗi da zurfi, yana tsallake dubu dubu. Ka gwada wanga tambaya ga abokanka, gona mai metir 50 bisa 50 nawa ce? Yawanci za su ce rabin ektar tunda 50 rabin 100 ne. Kwata ce, 25 a. Rabin ektar sai 100 bisa 50. Haka kuma masu zagaya gona da ƙafa suna ƙirga taki su ce sun auna, wannan kewaye suka auna ba fili ba. Gona 100 bisa 100 kewayenta metir 400, wata siririya a bakin ƙorama mai 190 bisa 10 ita ma kewayenta metir 400 cif, amma ta farko ektar ce cikakka ta biyu 19 a kaɗai. Wallahi na taɓa tsayawa da wasu ƴan'uwa biyu da aka raba ma gado da irin wanga zagaye, ƙaramin ya yi shekaru yana noma abin da bai kai rabin na wanshi ba, kuma babu wanda ya yi niyyar cutarshi, awon ne ba a sani ba.

In kana son abin kwatance da ido, filin ƙwallo na manyan wasanni metir 105 bisa 68 ne, wato 71 a 40 ca, ka ga ko shi bai cika ektar ba. Fegin 20 bisa 20 da ake yawan yankawa a birni 4 a ne.

Asalin sunayen daga Faransa suke. Dokar da suka yi ranar 7 ga Afrilu 1795, lokacin juyin juya halinsu, ita ta kafa metir da litir da garam, kuma cikin dokar guda aka sa ar don awon gona da sitar don awon itacen wuta. A 1960 da duniya ta tsara awon da ake kira SI sai aka tsaya bisa metir kare da metir kib, wato cikin akwati mai metir guda ta kowane gefe, ektar ya ci gaba da aiki ko'ina, ar kuwa ya ja baya sai a takardun fili na ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa irin namu. Amma bai mutu ba, a Rasha gonakin bayan gari da shi ake ƙirga su suna ce mishi sotka, a Indonesiya ma ana sayar da fili da ar. Akwai kuma dekar, wato ar goma, metir kare 1000, mu nan ba mu aiki da shi amma manoman Turkiyya da Norwe da Bulgeriya da shi suke magana, in ka ci karo da dunam a labaran Falasɗinu shi ma metir kare 1000 ne a yau.

Kalmar da nake tsoro ita ce wadda kawunka ya yi amfani da ita, eka. Mu nan mutane da yawa in sun ce eka ektar suke nufi. Amma asalin eka awon Ingila ne, wanda Najeriya ta gada, kuma metir kare kusan 4047 ne, wato 40 a 47 ca, sai ka haɗa eka kusan biyu da rabi kafin ka samu ektar guda. Kadada ma da ake ji a rediyo haka take, wani ya nufi wannan wani ya nufi wancan. Shekarun baya an kira ni wani gari wajen Ƙonni, kusa da iyaka, wani dattijo ya sayar ma wani ɗan kasuwa gona "eka uku", an biya an shafa fatiha, mai saye ya kawo ni in auna don ya yi takarda. Muka ja dekametir tun hantsi, yarona na riƙe da bakin igiyar ni ina rubutu, dattijon na biye da mu da sandarshi yana nuna iyaka, ga gawo nan, ga tsohuwar rijiya can, muka gama na yi lissafi ya fito 1 ha 21 a da ƴan kai. Mai saye ya tashi da faɗa wai an ci mishi fiye da rabi. Dattijo ya zauna bisa kunya ya cire hula ya ce shi bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, wanda ya auna mishi tun da daɗewa daga Illela ya zo kuma eka uku ya ce. Na sake bugawa, eka uku na Ingila daidai suke da abin da na samu. Dukansu masu gaskiya ne. Sai da mai gari da liman suka shiga aka sasanta, amma fuskar tsohon nan da ake tuhuma gaban ƴaƴanshi har yau tana raina. Tun ranar duk wanda ya ce mani eka sai na tambaye shi metir nawa bisa metir nawa, ba ni sa hannu sai an rubuta da metir kare. Haka fegin Najeriya na ƙafa 100 bisa 50, in ka maida shi namu kusan metir kare 465 ne, kada ka ji 100 da 50 ka zaci metir ne.

Kuma kada ka ɗauka ar na ƴan ofis ne kawai, ni a ganina manomin lambu ya fi kowa buƙatarshi. Masu albasa a Galmi da Maggiya da Tabalak ba kowa ke da ektar ba, wani fangalanshi duka ba su wuce 10 a ko 20 a ba, amma duk shawarar malaman gona da rubutun bisa kwalbar magani da ektar ake yin su. To ga sauƙin. Tunda ektar ar ɗari ne, litir kuma santilitir ɗari ne, duk maganin da aka ce litir guda ga ektar to santilitir guda ne ga ar. Mai 12 a ya auna 12 cl, wato 120 ml, ya ƙare. Takin da aka ce kilo 100 ga ektar, kilo guda ne ga ar, garam 10 ga metir kare. Abin na ci mani rai in na ga mutum ya juye rabin kwalba ga ɗan lambun da bai kai kwata ba don "ya fi kamawa", kuɗinshi ya tafi, ganye ya ƙone, kuma shi da ƴaƴanshi ke shaƙar abin. Hatsi ma in ka shuka rami da rami metir guda guda kaman yadda ake ba da shawara, kowane rami ya ci santiyar guda ke nan, ektar ya ɗauki rami 10 000.

Mu zo ga sitar. Sitar tarin itace ne mai metir guda tsawo, metir guda faɗi, metir guda bisa. Ana kafa turaku huɗu, a yanka itacen metir metir, a jera shi tsakani har ya kai metir. Tun dokar 1992 da ta kafa kasuwannin itace na karkara, waɗanda ƴan ƙauye ke riƙe da su da kansu, da sitar ake sayarwa kuma da shi ma'aikatan gandun daji ke lissafin haraji, itacen da ke shigowa Yamai daga wajen Say da Torodi da wanga awo ya taso. Mai kawo ma mahaifiyarku ya ɗauko kalmar daga can ne.

Sai dai fa sitar ba metir kib na itace zalla ba ne, metir kib ne na itace da iskar da ke tsakani. Itacenmu kuma ka san shi, sabara da geza, sirara ne masu karkace karkace, ba su kwanciya lumui bisa juna. Ka tsaya ka kalli mai jera su, in yana son tarin ya cika da wuri sai ya sa masu gwiwa a tsakiya su yi rumfa, ya rufe fuska da miƙaƙƙu, daga waje sitar ne cif amma ka tura hannu ciki har kafaɗa ba ka taɓa komi ba. Wani kuma ya yanka sandunan santimetir 80 maimakon metir, tari ya kai tsawo ya kai bisa amma kashi biyar an cire guda. Don haka ka ce ma mahaifiyarku, ko kai in kana nan, a duba abu uku, tsawon sandar, cikin tarin, da bushewar itacen. Wani abu kuma da ke sa a zargi mutum a banza, in ka sayi sitar cikakke ka sa aka daddatsa maka shi gajeru ka sake jerawa za ka ga ya ragu, ba sata ba ce, gajerun sun fi cike gurbi. A Faransa lissafin da suke yi shi ne sitar da aka yanka santimetir 50 yana komawa wajen 0,8 na metir kib, na santimetir 33 wajen 0,7. Wanga rashin tabbas na cikin abin da ya sa su da suka ƙirƙiro shi suka cire shi daga awon hukuma tun farkon 1978, ko da yake masu itacensu har gobe da shi suke ciniki. Desisitar, kashi guda cikin goma na sitar, da dekasitar, sitar goma, kuwa sai a littafin lakwal, ban taɓa jin wani ya yi ciniki da su ba.

Tunda mun shigo metir kib bari in ƙarasa maka, don shi ne kuke biya kowane wata a faktir ɗin ruwa. Litir akwati ne mai santimetir 10 ta kowane gefe. Metir kib ya ci irinshi 1000, ba 10 ba ba 100 ba. Tano na litir 200 sau biyar, ko bido na litir 25 sau 40. In kana so ka san ko ruwan ƴan garuwa ya fi na pampo tsada sai ka ninka kuɗin bido guda sau 40 ka aza kusa da kuɗin metir kib na faktir, za ka ga abin da matan unguwannin da pampo bai kai ba suke biya. Kuma litir na ruwa kilo guda ne, metir kib tan guda, wanda ke shirin ɗora tankin litir 1000 bisa rufin ɗaki ya san tan guda zai aza ma ginin, ya tambayi magini tukuna. Tarkon nan na rabi ma yana nan, kwandon siminti mai santimetir 50 ta kowane gefe ba litir 500 yake ci ba, 125 ne.

Ka je ka buɗe murfin kwantar ruwan gidanku ka share ƙurar gilashin. Baƙaƙen lambobi metir kib ne, su ake rubutawa a faktir. Jajayen da ke bayansu su ne ƴan'uwan litir da aka manta, na farko ektolitir wato litir 100, na biyu dekalitir litir 10, na uku litir. In kana zargin tiyo na yoyo cikin ƙasa, rufe pampo duka da dare ka rubuta jajayen, da asuba kafin kowa ya yi alwala ka sake dubawa. Ban da nan ektolitir sai a manyan masana'antun abin sha da lissafin madara.

Ƙananan kuwa kullum suna hannunmu ba mu lura. Ledar piyawata 50 cl ce, rabin litir. Gwangwanin lemu 33 cl. cc da ake faɗa ga allura ko ga moto 125 santimetir kib ne, kuma daidai yake da mililitir, sirinji mai 5 cc shi ne 5 ml. Nan ina roƙonka ka kula ƙwarai in ana ba yaro magani, cl da ml harafi guda ya raba su amma ninki goma ne, 5 ml ƙaramin cokali ne, 5 cl cokali goma. In rubutun likita bai fito ba a koma a tambaya.

Ruwan sama ma da ake faɗa a rediyo, an samu milimetir 30 a Tawa, mutane na jin kaman ɗan abu ne tunda milimetir 30 bai kai tsawon yatsa ba. Milimetir guda na nufin litir guda bisa kowane santiyar. Rufin kwano mai 10 bisa 8 a ruwan milimetir 30 ya zubar da litir 2400, tano 12 a dare guda. Ektar guda kuma ta sha metir kib 300. Filinku na 6 a 25 ca a wannan ruwan ya karɓi litir 18 750. Masu gina tabkin tara ruwa da masu haƙa rabin wata a fako da wanga lissafi suke aiki.

Tiya ba ta cikin tsarin metir, amma ita ma awon ciki ce ba ta nauyi ba, shi ya sa ake cewa tiyar hatsi wajen kilo biyu da rabi, tiya 40 buhu, amma in ka zuba gujiya mai ɓawo ko wake nauyin ya sake, kuma tozon da mai awo ya yi da hannun da ya tare da shi duk suna ciki.

Game da filin naku, kafin a yi maganar rabo ko sayarwa ku nemo dekametir, ko aron na magini ne, ku je da kawu da wani babba cikin dangi ku nemo born ɗin siminti na kusurwa huɗu, wani lokaci rairayi ya rufe su sai an tona kaɗan. Ku ja igiya gefe da gefe, shi kawu ya riƙe bakin da kanshi ya karanta lambar. Ba dole ya fito 25 bisa 25 ba, yana iya zama 20 bisa 31 da ɗan kai, abin da ake nema in an ninka ya faɗo kusa da 625. In ya yi nisa da haka, ko born ya ɓace, ko maƙwabci ya shigo da katanga, to kada ku taɓa komi, ku ɗauki takardar ku tafi ofishin kula da filaye na magajin gari a haɗa ku da jewometir, mai aikin awon fili, ya dawo da iyakar bisa taswirar unguwar. Ka yi ma takardar hoto da waya tun yau, asalin kuma a sa ta cikin leda a maida akwati. Ka gaida mahaifiyarku da kawu.